Kun Tambaya: Kwabon Kaka Garau, Dala Ashirin ta Jiya Ta Shafe

Assalamu alaikum. Tun da na ambaci akwatin tsofaffin silallana a fitowar da ta wuce, wasiƙu suka yi ta shigowa a kan tsabar kuɗi, har suka rinjayi duk wata tambaya. Na shekara 31 ina ƙirga kuɗin mutane a bayan kanta a wani banki a Kano, tara tsofaffin kuɗi kuwa tun ina ɗan firamare na fara, don haka kun sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na zaɓi wasiƙu biyar. Ta farkon za ta ci fili, ku yi haƙuri da ni.

Tambaya: Baba, ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi. Da kakanmu ya rasu aka buɗe adakarsa, sai muka tarar da kwabo mai huda guda 7 a ƙulle cikin tsumma. Ɗaya an rubuta masa 1919, rubutun boko da na Larabci duk raɗau, tauraron kamar jiya aka zana shi. A aljihuna kuwa akwai dala ashirin, wato tsabar sefa 100, ta 1997 da ta shafe sumul, har mai shayin bakin tasha ya ƙi karɓa. Abin da ya haura shekara 100 yana nan garau, na jiya-jiya ya ƙare. Ƙarfen da ne ya fi ƙwari, ko kuwa yanzu ha'intarmu ake yi?

Amsa: Ɗana, Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinsa. Da na karanta wasiƙarka ban ɗauki biro ba sai da na jawo akwatina, na zaro ambulan biyu. A cikin kowanne akwai sule ɗaya. Dukansu na 1947 ne, kan Sarki Joji na Shida a gaba, bishiyar kwakwar manja a baya. Ƙarfensu ɗaya, wannan mai ruwan ɗorawa da ake haɗawa da jan ƙarfe da tutiya da ɗan nikel. Tagwaye ne.

Na farkon daga asusun mahaifiyata ya fito, irin asusun ƙasa mai 'yar tsaga a ka. Ta binne shi a kusurwar ɗakinta, har aka canja kuɗi ba ta fasa shi ba, mu kuma ba mu san da zamansa ba sai a 1981 da aka rushe ɗakin za a sake gini. Wannan sulen in na kawo shi bakin taga, ina iya ƙirga ganyen kwakwar ɗaya bayan ɗaya. Gashin sarkin yana nan a taje, har da layin da aka raba shi, ga kunnensa da lanƙwasarsa. In na ɗan karkata shi, sai ka ga wani haske yana zagaya fuskarsa kamar hannun agogo. A kan wannan hasken masu tarawa suke zuba kuɗi, domin daga injin bugawa yake fitowa, kuma in ya tafi ya tafi ke nan.

Na biyun a lalitar mahaifina ya rage. Shi ɗan koli ne, yana bin kasuwanni daga Kano har Gumel da Maigatari. Sulen ya faɗo hannunsa ana gab da daina karɓar kuɗin, sai ya bar mini. Kwakwar ta koma inuwa kawai. Kan sarkin ya zama kamar gurbin babban yatsa a jikin malmalar tuwo, ka san kai ne, amma ba ido ba kunne. A shekarar ma 4 da 7 ne kaɗai ke fitowa sosai.

Shekarunsu ɗaya. Ɗaya ya kwanta a tukunya, ɗaya ya yi fatauci. Amsarka ke nan a tafin hannuna: hannu ne ke cin ƙarfe irin wannan, shekaru ba ruwansu.

Ka bi sawun dala ashirin ɗinka ta wuni ɗaya ka gani. Da asuba tana gwangwanin mai shayi. Hantsi ya yi, ta koma aljihun ɗan kabu-kabu, tana gogayya da makulli. Daga nan sai farantin mai ƙosai, sai haɓar zanen wata tsohuwa, sai ƙoƙon almajiri, sai tiren mai goro, da yamma ta faɗi ƙasa a kasuwa wani ya take ta kafin a tsince ta. Ka ninka wannan da kwanakin da ke tsakanin 1997 da yau. Sannan ka tuna ƙasarmu ƙasar yashi ce. Masana duwatsu suna da ma'aunin ƙwari daga 1 zuwa 10, wanda wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812. A ma'aunin, ƙwayar yashi tana kan 7, nikel wajen 4, jan ƙarfe 3, azurfa ba ta ma cika 3 ba. Ashe ƙurar hunturun da ke kwance a ƙasan aljihunka ta fi kuɗin ƙwari. Duk takun da ka yi, tana karce su kaɗan-kaɗan, gumi da gishirinsa suna taya ta. Yau da gobe ai ita ke sa allura ginin rijiya.

Maganar ƙarfe kuwa, taka ba ta gaza ta kaka ba. Kwabon 1919 kashi 3 cikin 4 jan ƙarfe ne, ragowar nikel. Dala ashirin ta 1997 nikel ce, ƙarfen da aka san shi da jure wahala. Nemi maganaɗisu ka gwada, za ka ga ya cafke ta, ya bar kwabon a ƙasa. Akwai kuma dabarar zane. Kwabo mai huda ba shi da kan sarki, sai kambi da rubutu a gefe ɗaya, tauraro mai tsini 6 a ɗayan, kuma bakinsa ya ɗan ɗaga yana kare su. Abin da ya fi tudu a jikin tsaba shi ke fara ƙarewa, kwabon kuwa tudunsa kaɗan ne.

Sai babban dalilin, wanda aikin banki ya koya mini. Kwabo miliyoyi aka buga, ina sauran? Mu ne muke tsince shafaffu. In an rufe ƙofa, mai ƙirga ya zazzage buhu a kan tebur, duk wanda ya lanƙwashe ko ya suɗe a ware shi gefe, a ɗaure, a mayar Babban Banki, ƙarshensa narkewa. 'Yan uwan kwabon kakanka da suka sha wahalar kasuwa sun daɗe da komawa wuta. Wanda ya iso hannunka shi ne wanda aka ɓoye tun yana sabo. Kuma ba a ɓoye mummuna. Ka lura da kanka, in kana da ƙwandala biyu, sabuwa da shafaffiya, wacce kake miƙa wa mai shago? Shafaffiyar. Sabuwar ta kwana a gida. Ingilawa suna jingina wannan lura ga wani attajirinsu na ƙarni na 16, Thomas Gresham, cewa mugun kuɗi yana korar na kirki daga kasuwa, amma kowace mai dakan kuɗi a ƙauye ta san haka ba tare da an karanta mata ba. A 2013 wasu mata da miji a jihar Kalifoniya ta Amurka suka tono gwangwanaye masu tsatsa a filinsu, cike da tsabar zinariya 1,427 da aka buga tsakanin 1847 da 1894, da yawansu kamar ba a taɓa taɓa su ba. Tsumman kakanka da asusun mahaifiyata da gwangwanin nan duk aiki ɗaya suka yi.

Ba zan ce zarginka ba shi da tushe ba ko kaɗan. Gaskiya ne ana ta rage darajar ƙarfen kuɗi, sai dai ba yau aka fara ba. Taro da sisi da sule da fataka da aka kawo mana a 1913 azurfa ne, kashi 92.5 cikin 100. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, mutane suka riƙa ɓoye su, maƙera suna narkawa, sai a 1920 aka koma bugawa da tagulla. Ingila kanta ta cire azurfa daga kuɗinta a 1947. Idan ƙarfen da ke jikin kuɗi ya fi abin da aka rubuta masa tsada, ba ya kwana a kasuwa. Shi ya sa tsabar da Najeriya ta fitar a 1991 baƙin ƙarfe ce aka lulluɓe da siririn nikel ko jan ƙarfe. Irin waɗannan in mayafin ya goge, tsatsa ta samu ƙofa. A nan kam kana da gaskiya.

Amma bari in faɗa maka abin da ke damuna, ni mutumin wannan tsallaken. A ranar 28 ga Fabrairu, 2007 aka fito mana da sababbin kwabo 50 da naira 1 da naira 2, biyun ƙarshen masu launi biyu, naira 2 ɗin da hoton ginin Majalisar Tarayya. Ina da su jeri guda, suna ƙyalli kamar yau aka kawo. Ba wanda ya ɓoye su don so. Ba abin da suke saye ne, shi ya sa ba wanda ya taɓa su. Yaro ya girma a Kano yau bai taɓa jin nauyin canji a aljihunsa ba. Ku kuwa dala ashirin tun 1967 ake buga ta, an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, amma har gobe ana miƙa ta a karɓi abu. In na ɗora shafaffiyarka kusa da naira 2 ɗina mai ƙyalli, wallahi taka nake wa sha'awa.

Game da mai shayi, shafaffiyar tsaba ba ta daina zama kuɗi ba. Babban bankinku na BCEAO ya sha faɗar haka, kuma ana canja su a ofisoshinsa, akwai a Yamai da Damagaram da nan Maraɗi. Shi ma mai shayin tsoro yake kada ta maƙale masa, kada ka riƙe shi a rai. Kwabban nan 7 kuma ka raba wa jikoki ɗaya-ɗaya idan kun kai, tsumman ma kada a yar.

Tambaya: Malam, ni matar aure ce a Zariya. Kakata ta bar mini wata babbar ƙwandalar azurfa da aka yi wa kunne ana ratayawa a wuya. Akwai hoton wata mace mai jiki, a baya tsuntsu mai kai biyu da lambar 1780. Rubutun bai goge ba. An ce mini ta haura shekara 240, kuɗinta zai sayi gida. Haka ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan kaka. Abin da ke hannunki shi ne iyayenmu ke kira liyari. Matar da ke jiki Mariya Tarisa ce, sarauniyar Ostiriya da Hangari, wadda ta hau mulki a 1740 ta rasu a 1780. 'Yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha sun riga sun amince da wannan kuɗi, ba sa son a canja masa ko ɗigo, sai aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta. Har yau ana buga shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, kuma 1780 ake rubutawa. A shekarun 1930 da 1940 an buga shi a Rum da Landan da Faris da Bombay. Ɗaruruwan miliyoyi ne a duniya. Saboda haka lambar nan ba ranar haihuwa ba ce, tambari ne. Taki tana iya zama ta zamanin kakar kakarki, tana iya zama wadda wani alhaji ya riƙo tsaraba daga Makka ko Sudan.

Wannan bai rage mata asali a ƙasarmu ba. Ta hanyar Sahara fatake suka shigo da ita Borno da Kano, tun kafin Bature ya kawo kwabo. Matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Maƙeran fari kuma da ita suke ƙera awarwaro da zobe da kayan doki, don sun san azurfarta ba ta da algus.

Ki ɗauko ta yanzu ki dubi kafaɗar matar. Akwai wani ɗan maɓalli da ya riƙe mayafinta, kewaye da 'yan ƙananan ƙwayoyi kamar gero. 'Yan kasuwar da, waɗannan suke shafawa da yatsa. In ƙwayoyin sun goge, sun san ƙwandalar ta sha hannu, ta rage nauyi, sai su rage mata farashi ko su ƙi ta. Kin ga ashe rigimar mai shayin Maraɗi tsohuwa ce. Ki duba gefenta kuma, ta gaske tana da rubutu mai tudu a zagaye. Nauyinta giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin 100 azurfa ne, wato azurfa zalla kamar giram 23. Ki kai wa mai sikelin gwal da kika yarda da shi ya auna a gabanki, ya cire lissafin kunnen da aka liƙa. In kika ɗora ta a kan yatsa kika ƙwanƙwasa da wata, ta gaske tana yin ƙara siririya mai jan lokaci, jabu kuwa sai ki ji ƙwas. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma kada ki tsaya a nan, don ba ya kama tagulla ma.

Kuɗinta a kasuwa yana bin farashin azurfar da ke cikinta ne, kuma masu tarawa suna rage wa wadda aka yi wa kunne ko huda. Ba za ta sayi gida ba. Ni dai in da tawa ce ba zan sayar ba. Kunnen nan da ya rage mata kuɗi, a wuyan kakarki ya goge. Ki sa wa 'yarki ranar aurenta.

Tambaya: Ina karatu a Kumasi, a Zango nake zaune. Na samu kwabo da ɗari (wato rabin kwabo) masu huda wajen 20 a wurin kawuna, duk sun yi baƙi. In wanke su da lemon tsami da toka su yi haske?

Amsa: Ɗana, kada ka soma. Na roƙe ka. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Ina da sulen azurfa na 1913, shekarar farko da aka buga shi, wanda na daɗe ina nema kafin in samu. Ya yi wani duhu mai kyau, shuɗi-shuɗi a bakin rubutun. Wata rana ƙanwata ta zo gidan, ta gan shi a kan tebur, ta ce kuɗin Yaya ya yi datti. Da zuciya ɗaya ta haɗa shi da kwanuka ta dirje da toka da tsamiya. Ta kawo mini yana walƙiya, tana murna. Da na sa gilashi na duba, fuskarsa duk ƙananan karce ne kamar an ja ƙaya a kan rairayi. Yau fiye da shekara 40 ke nan, bai koma yadda yake ba. Na yi mata godiya, don alheri ta nufa, amma na kwana ina jin abin.

Duhun nan fata ce da ƙarfen ya yi wa kansa, kuma shi ke shaida wa mai saye cewa ba a taɓa shi ba. Toka tana karcewa, tsami yana cin ƙarfen. In laka ce ta manne, ka jiƙa a ruwa mai tsabta da ɗan sabulu mara ƙarfi, ka ɗauraye, ka danna a tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba, ka bari ya bushe sarai. Ka riƙa kamawa ta gefe, kada yatsa ya hau fuska. Kowanne ka sa shi a ambulan ɗinsa na takarda. Ka guji leda mai laushi, domin in ta daɗe tana yin wani gumi kore mai danƙo da ke ɓata ƙarfe, balle ku da ke ƙasar ruwa. In ka ga wani yana fitar da koren gari, ka raba shi da sauran.

Ba mamaki ka same su a Kumasi. Kuɗi ɗaya muka yi amfani da shi, mu da ku da Saliyo da Gambiya, ƙarƙashin hukumar kuɗin da Ingila ta kafa a 1912, har Gana ta fitar da nata a 1958, Najeriya a 1959.

Tambaya: Malam, wasu baƙi sun zo garinmu a jihar Zamfara suna neman kwabo mai huda na 1936. Sun ce na sarkin da bai daɗe ba ne, Turawa na saye da miliyoyi. Ina da guda 3. Sun ce in biya kuɗin gwaji da na rajista tukuna. Me ka gani?

Amsa: Ƙanena, kada ka ba su ko anini. Duk mai sayen da zai ce ka fara biyansa kafin ya saya, aljihunka ya zo saye. Na ga dattijon da ya sayar da tumakinsa ya biya irin wannan kuɗin gwajin, ya zo banki yana tambaya ko an turo masa saƙo daga waje. Ya yi ta zarya wajen wata biyu. Ban manta fuskarsa ba ranar da ya gane.

Sun ɗauki gaskiya kaɗan ne suka yi mata riga. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya sauka a Disambar shekarar don ya auri matar da aka hana shi. Ingila ba ta kai ga fitar da kuɗi mai kansa kasuwa ba. Mu kuwa da yake kwabonmu da ɗari da anini ba sa ɗaukar hoto, suna kawai ake rubutawa, an buga su da sunansa an kawo. Ka duba naka, za ka ga EDWARDVS VIII ko kuwa GEORGIVS V, don shekarar ta haɗa sunan uba da na ɗa. Labari ne mai daɗi, ni ma ina da su ina alfahari. Amma miliyoyi aka buga, kuma tun a lokacin mutane suka yi ta ajiyewa saboda labarin, shi ya sa masu kyau ma suna da yawa. Kuɗinsu a wurin masu tarawa bai taka kara ya karya ba.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsaba tsada. Sai ta yi ƙaranci, sai tana da masu nema, sannan a dubi lafiyar jikinta. Amurkawa har maki suke ba ta daga 1 zuwa 70, tsarin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, inda 1 ke nufin da ƙyar ake gane ta, 70 kuma ba tabo ko da gilashi. Kwabo biyu na shekara ɗaya, tazarar farashinsu tana iya zama kamar ta doki da jaki saboda wannan makin. Ana kuma duba wani ɗan mitsitsin harafi a jiki, H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga, don wata shekarar wata masana'anta kaɗan ta yi.

In kana son wanda samunsa garau ke da wuya, ka nemi aninin 1907. Da sanholo aka yi shi, yana cikin kuɗin sanholo na farko a duniya, mara nauyi kamar ɓawon gyaɗa. Bai jure gumi da damina ba, ya riƙa ruɓewa yana fari-fari, har aka canja masa ƙarfe a 1908. Nawa duk ƙuraje ne a jikinsa, amma ana karanta sunan Najeriya a kai, shekara 7 kafin a haɗe Arewa da Kudu.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Gombe. Yarana suna jin ana cewa "ko sisin kwabo" da "ko anini", ba su san me ake nufi ba. Ina son in nuna musu. Daga ina zan fara?

Amsa: Malama, Allah ya yi miki albarka, wasiƙarki ta faranta mini rai. Fara da lissafin a allo. Anini 10 kwabo ne. Ɗari rabin kwabo ne. Kwabo 3 taro, 6 sisi, 12 sule. Sule 2 fataka, wasu su ce dala. Sule 20 fam ɗaya, wato anini 2,400. Ahu kwabo ɗaya da rabi ne, nai kwabo 9, amma waɗannan biyun a baki kawai suke, ba a buga musu tsaba ba. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ya zama naira 2, sai sunan sule ya koma kan kwabo 10, sisi kan kwabo 5.

Daga nan ki ce kowane yaro ya je ya tambayi kakarsa. Za ki sha mamakin abin da zai fito daga ƙasan adaka da kwalla. Ki sa su nemo amfanin gona a jiki. A kuɗin 1959, taro mai kusurwa 12 auduga gare shi, sisi koko, fataka gyaɗa. A na 1973, kwabo ɗaya yana da rijiyoyin mai, kwabo 25 kuma dalar gyaɗa, irin wadda na taso ina gani an jera buhu kan buhu a Kano. In makarantar ta samu hali, Babban Bankin Najeriya yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja.

Ranar nunin ki shimfiɗa zane a kan tebur, ki raba su kashi biyu. Masu kyaun ke za ki riƙe ta gefe ki zaga da su layi-layi. Shafaffun kuwa ki sakar wa yaran, su juya, su shinshina, su ɗora takarda a kai su goga fensir su ga abin da ya rage na zanen. Kowanne ki rubuta sunan kakar da ta ba da aro a jikin ambulan, a mayar mata kafin a tashi.